Wace manhajar CAM ce ta dace da ƙaramin shago mai Fanuc 0i da GSK?

Nasiru_Kakuri:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga waɗanda suka jima a harkar CNC ce, wato injinan da kwamfuta ke sarrafawa. Shagon da nake aiki a Kakuri an sauke injuna biyu: injin milin na tsaye mai aksis uku, wanda aka taɓa amfani da shi, da kwantirola Fanuc 0i-MC, sai injin juya ƙarfe ɗan Chaina mai GSK 980TD. Ayyukan da ke shigowa su ne gidan boris na injin markaɗe, fuli, filanji, faranti masu ramuka, jefi-jefi kuma ƙaramin mol na roba. Har yanzu da hannu ake buga G-code, wato umarnin da injin ke bi, a jikin injin. Maigida ya ce a nemo manhajar CAM guda ɗaya da za a tsaya a kanta. Wasu na ce mini Fusion 360 ta fi sauƙi, wasu na cewa in ba Mastercam ba ɓata lokaci ne. Wadda yaron shago zai koya cikin wata biyu ko uku nake so, kuma wadda ba za ta sa kota (ƙarfen yanka) ta nutse cikin bais (abin damƙe aiki) ba. Ku taimaka da shawara.

Injiniya_Lawal:
Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Kafin a kai ga sunan manhaja, fara tambayar fos ɗinta. Manhajar CAM tana lissafa hanyar da kota za ta bi ne kawai. Fos-furosesa shi ne tafintan da ke mayar da wannan hanya zuwa G-code ɗin da kwantirolarka ke ji. Manhaja na iya yin kyau a allo, amma in fos ɗin bai san injinka ba, kowane shiri sai ka zauna ka gyara shi da hannu, kuma a nan ake samun karo.

Ga Fanuc 0i-MC ba ka da damuwa, kusan kowace manhaja tana da fos ɗinsa. Fusion na da rumbun fos kyauta a intanet, kuma da JavaScript aka rubuta su, ana iya buɗewa a gyara. Na Mastercam ma ana gyarawa, sai dai wasu sassan a kulle suke, dole ka koma wurin dillali. Inda za ka sa ido shi ne GSK. Yarenta ya yi kama da na Fanuc na injin juyi, shi ya sa mutane ke ɗora mata fos ɗin Fanuc, amma ba a kowane layi suka dace ba. Ka fitar da ɗan gajeren shiri: gyaran fuska, rage kauri, zare ɗaya. Sai ka ɗauki littafin GSK ka bi layi-layi kafin ka danna koren maɓalli.

DanPanteka_Router:
Ni dai Fusion zan ce. Zane da CAM duk a wuri ɗaya, bidiyon koyo kuma ya cika YouTube. Kuma akwai ta kyauta.

Injiniya_Lawal:
@DanPanteka_Router, ta kyautar ba ta shago ba ce. Lasin ɗin na amfanin kai ne, ba na kasuwanci ba. Kuma tun 2020 aka rage mata abubuwa: ba ta fitar da gudun G00 na gaske, sai ta mayar da shi gudun yanka, ba ta haɗa kota fiye da ɗaya a shiri guda don canjin kota na atomatik, babu aksis na huɗu da na biyar, kuma fayil 10 kawai za ka iya barin su a buɗe don gyara. Injin Malam Nasiru na da ma'ajin kota, in aka hana shi M06, umarnin canjin kota, an kashe rabin amfaninsa. In Fusion ce, to ta biya ce, kuma da dala ake biya duk shekara ko duk wata.

Baba_Fanuc:
Ku bari in ja ku baya kaɗan. Gidan boris, fuli, filanji. Cikin waɗannan wanne ne ke buƙatar CAM? Filanji mai rami 8 a da'ira, G16 da G81 sun gama shi a layi goma sha. Fuli a GSK, G71 ya kwashe, G70 ya goge. Yaron da bai san bambancin G90 da G91 ba, in ka ba shi manhaja ka ba shi hanyar fasa sifindil cikin sauri ne. A fara koya masa karanta shiri. Mol ɗin ne kaɗai na yarda dole sai CAM.

Malama_Rabi_CAD:
Baba, gaskiyarka a kan karatun shiri, amma akwai abin da hannu ba zai rubuta ba ko da aikin mai sauƙi ne. Ina nufin kwasar da Fusion ke kira Adaptive Clearing, Mastercam ke kira Dynamic, SolidCAM ke kira iMachining. Ga lissafi da enmil (kotar milin) ɗin kabaid mai 10mm, haƙori 4, a baƙin ƙarfe mai taushi.

Gudun yanka mita 120 a minti. Juyi shi ne 1000 sau 120 a raba da 3.14 sau 10, ya ba da kusan 3,820 a minti. In kowane haƙori na cin 0.05mm, fid (saurin tafiyar kota) ya zama 3,820 sau 4 sau 0.05, wato 764mm a minti. A tsohon salo za ka shiga da faɗin kota gaba ɗaya, zurfin 2mm ko 3mm, bakin kotar kaɗai ke aiki har ya mutu alhali sauran jikinta sabo fil.

A sabon salon kana shiga zurfin 20mm, amma cin gefe 1mm kacal, kashi 10 cikin ɗari na faɗin kota. A wannan cin ɓarɓashin da ke fita ya fi siriri, kaurinsa kashi 60 cikin ɗari ne na abin da ka rubuta, don haka sai ka ɗaga cin haƙori zuwa 0.083 kafin ka samu 0.05 na gaskiya. Fid ya koma kusan 1,270. Ƙarfen da ke fita a minti ya kai santimita kubik 25, ƙarfin da ake nema bai wuce kilowat ɗaya da ɗan kai ba. Abin da manhajar ke yi shi ne hana cin gefen nan ƙaruwa a kusurwa. In da hannu ka rubuta, da kota ta shiga kwanar ciki cin zai tashi daga 1mm zuwa ninki da yawa, nan take ta karye.

Baba_Fanuc:
Malama Rabi, lissafinki daidai ne. To amma wannan shirin layi nawa zai kai? Ƙwaƙwalwar 0i-MC 'yar ƙarama ce, ɗaruruwan kilobayit ake magana, ba megabayit ba. Kafin shirin ya gama shiga za ki ga alam 070, wuri ya cika.

Sadiq_DNC:
Wannan maganar ta Baba ita ce za ta fara cizon Malam Nasiru. Mafita biyu ce.

Ta farko ɗigo, wato tura shiri kaɗan-kaɗan yayin da injin ke aiki, ta wayar RS-232 daga kwamfuta. Amma ku yi lissafi: a bod (saurin aikawa) 9600 haruffa kusan 960 ke wucewa a daƙiƙa. In kowane layi na da haruffa 25, layi 38 ke nan. In manhaja ta yanka lanƙwasa zuwa gutsattsarin 0.1mm, iyakar gudun da injin zai samu 3.8mm a daƙiƙa, kusan 230mm a minti, ko da ka rubuta F1200. Injin zai riƙa tafiya yana cijewa, kota tana gugar ƙarfe ba ta yanka, fuskar aiki ta fito da zane-zane. Ɗaga bod zuwa 19200 na taimakawa in wayar gajera ce kuma mai kariya. In ka ga alam 087 ka duba saitin tsayar-da-aike, XON/XOFF, a ɓangarorin biyu. In 086 ne, yawanci haɗin fil-fil na wayar ne.

Ta biyu ta fi: katin CF cikin adaftar PCMCIA a ramin da ke gefen allo. Ka mayar da faramita 20 zuwa 4, ka kira shirin daga kati da M198. Katin ya zama ƙarami, gigabayit 2 ko ƙasa, tsarin FAT16. Manyan katuna sau da yawa injin ba ya ganin su.

Sannan a cikin manhajar akwai saiti biyu da mutane ke tsallakewa: tolerans (iyakar kaucewar da aka yarda da ita) da sumudin. A kwasar farko babu dalilin sa 0.01, sa 0.05 ko 0.1 tunda za ka bar 0.3mm na gogewa. Ka kunna sumudin, shi zai haɗe ɗaruruwan layukan G01 su zama G02 da G03 kaɗan. Shirin zai ragu sosai. A nan ne nake auna sauƙin manhaja: a Fusion suna cikin shafin Passes, a Mastercam suna ƙarƙashin Arc Filter. Duk biyun akwai, sai dai wanda ba a nuna masa ba zai shekara bai taɓa su ba.

Nasiru_Kakuri:
Malam Sadiq na gode, ramin katin yana nan a jikin injin. Batun intanet fa? An ce Fusion ba ta aiki sai da data, mu kuma sabis a cikin shagon ba shi da ƙarfi.

Malama_Rabi_CAD:
Tana aiki ba intanet, amma na ɗan lokaci, kimanin mako biyu, sannan ta nemi a haɗa ta don tabbatar da lasin. Fayilolin da ba ka buɗe kwanan nan ba ba za ka same su ba in ba ka riga ka sauke su a kwamfutar ba, domin a gajimare suke zaune. Sabuntawa kuma ba zaɓi ba ce, kuma tana cin data. Dabarar ita ce duk aikin da ya kammala ka fitar da kwafin f3d da STEP ka ajiye a kwamfutarka, tare da G-code da takardar saiti. Mastercam da SolidCAM a kwamfutarka suke zaune da fayilolinsu, wannan kam sun fi dacewa da yanayinmu. Sai dai SolidCAM a cikin SolidWorks take aiki, lasin biyu ke nan.

Abba_Mando:
Me ya sa ake ta wahala? Ana samun Mastercam a filashi a kasuwa da kuɗi kaɗan.

Injiniya_Lawal:
Ɗan'uwa Abba, ban ba da wannan shawarar ba. Ban da haƙƙin masu ita, fasasshiyar manhaja ba ta zuwa da fos ɗin injinka, sai na gama-gari, kuma babu wanda za ka kira. Sau da yawa abin fasawar na zuwa da ƙwayar cuta, ga shi filashi ɗaya ke yawo tsakanin kwamfutar zane da ta injin. Mai son koyo akwai Mastercam ta ɗalibai kyauta, tana yin komai sai fitar da G-code. Mai son kyauta ta halal wadda ke fitar da shiri, akwai FreeCAD.

Usman_FreeCAD:
Tunda an taɓo ta. FreeCAD 1.0 ta fito a Nuwamba 2024, sashen da ake kira Path a da ya koma CAM. Ba lasin, ba intanet, tana tashi a tsohuwar laftof. Tana yin gefe, aljihu, huda, gyaran fuska, helikis, har da Adaptive, kuma tana da fos na Fanuc, Mach3, LinuxCNC da GRBL. Faranti masu ramuka da gidan boris a injin milin za ta yi su lafiya.

Inda ta gaza zan faɗa ƙarara. Babu sashen injin juyi da za a dogara da shi, don haka GSK ɗinku ba ta samu komai ba. Gogewar fuska mai lanƙwasa ta 3D har yanzu a matakin gwaji take, ba zan sa mol ɗin kwastoma a kanta ba. Rumbun kota ma sai ka yi haƙuri da shi. Ga wanda zai koya wa yara ma'anar ɗanyen ƙarfe, sifilin aiki, tsayin kariya da fos, ta isa har ta yi yawa.

Baba_Fanuc:
To kun ga an dawo inda na tsaya. Injin juyi a bar shi da hannu. Ga tarkon da fos ke jefa mutane ciki: a injin milin G90 na nufin awo daga sifili. A injin juyi mai tsarin A, irin su GSK 980TD da yawancin Fanuc na juyi, G90 zagayen yanka ne. Awo daga sifili X da Z ne, na ƙari U da W. Haka G98 da G99: a milin matakin komawa ne bayan huda, a juyi kuwa fid a minti ne ko fid a kowane juyi. Fos ya fitar da tsarin B, ka loda a injin tsarin A, layin farko na "tsaro" shi zai zama layin karo.

Sai G96. In ka sa G96 S180 ba ka sa G50 S2000 a gabansa ba, a faɗin 100mm juyi 573 ne, a 20mm ya kai 2,865, yana dosar tsakiya injin zai nemi iyakar gudunsa da fuli mai nauyi a cak (abin riƙe aiki). Ku duba ko fos ɗinku na fitar da G50 a kowace kota.

Garba_Zare:
In ƙara a kan na Baba, zare. M20 mai tazara 2.5, zurfin zaren waje 0.6134 sau 2.5, wato 1.534mm, ƙaramin faɗi 16.93. A G76 mai layi biyu ana rubuta zurfin P1534, cin farko misali Q300, babu ɗigon lamba, domin a maikiron ake ƙirga su. Wasu fos na fitar da G76 mai layi ɗaya na wani tsarin Fanuc, kwantirolar da ke jiran layi biyu ba za ta gane ba. In kuna shakka ku sa fos ya fitar da G92 ko G32, shirin zai yi tsawo amma kowane ci a bayyane yake.

Batun ɗigo ya shafi milin ma. A Fanuc da ba a kunna mata shigar kalkuleta ba, X10 ba 10mm ba ne, 0.010mm ne. X10. da ɗigo shi ne 10mm. Fos mai kyau ba ya manta ɗigo, mai gyara shiri da hannu ne ke mantawa.

Malama_Rabi_CAD:
Zan koma kan tambayar asali, sauƙin amfani. A wurina ma'auni shi ne abin da ke faruwa in kwastoma ya dawo ya ce a matsar da rami 3mm ko a ƙara kaurin faranti. A Fusion da SolidCAM zane da hanyar kota a haɗe suke, ka gyara awo, ayyukan su nuna ja, ka sake lissafi, shi ke nan, in dai fuska ko gefen da ka zaɓa bai ɓace ba. A Mastercam in zanen daga wata manhaja ya zo, sau da yawa sai ka sake zaɓar sarƙar layuka. A madadin haka Mastercam na ba ka iko a kan kowane motsi: inda kota za ta shiga, inda za ta fita, yadda za ta tsallake kilam (abin danne aiki). Sabon shiga zai ga akwatuna sun yi masa yawa, wanda ya ƙware kuma zai ji Fusion ta ɗaure masa hannu a wasu wurare.

Ga yaron shago na wata biyu zuwa uku, Fusion ce. Shafuka biyar ne a kowane aiki kuma jerinsu ba ya canzawa: kota, siffa, tsayi, ci, haɗi. Wanda ya gane shafin tsayi ya gane rabin hatsarin. Tsayin kariya ya wuce kilam mafi tsawo da aƙalla 10mm, ba saman aiki kawai ba. Kuma a zana bais da kilam a cikin saitin, in ba haka ba gwajin allo bai san suna nan ba.

Sadiq_DNC:
Gwajin allon nan ma kada a yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da yake nunawa hanyar kota ce kafin fos ya taɓa ta. Kuskuren fos, ofset ɗin da ba a auna ba, H (lambar tsayin kota) da bai dace da T (lambar kota) ba, duk ba ya ganinsu. Misali G28. G91 G28 Z0 na ɗaga sifindil kai tsaye zuwa gida. G90 G28 Z0 kuwa sai ya fara zuwa Z0 na aiki, wato saman ƙarfenka, da cikakken gudu, sannan ya tafi gida. A allon CAM duka biyun lafiya lau.

Don haka bayan fos a buɗe G-code ɗin a wani abin dubawa daban, CIMCO Edit ko NC Viewer ko CAMotics. A injin kuma a ɗaga Z na G54 da 50mm a yi zagayen farko a iska, layi ɗaya-ɗaya, G00 a kashi 25, ido a kan allon sauran tafiya. In allo ya ce saura 80mm alhali tsakanin kota da aiki bai fi 30mm ba, a tsaya.

DanPanteka_Router:
Mu masu injin katako a Panteka namu daban ne. ArtCAM aka saba da ita, amma Autodesk ta daina ta a 2018, Carveco ce ta gaje ta. Yanzu VCarve da Aspire na Vectric sun fi yawa, saye ɗaya ne ba na shekara-shekara ba. Ƙofa, allon talla, sassaƙar kan gado, babu mai kama su a sauƙi. Ko za su yi wa Malam Nasiru?

Usman_FreeCAD:
Ba za su yi ba, oga. An gina su ne don katako, roba da alminiyom mai laushi. Ba su da tafin G84 (yanka zare cikin rami), ba su da gyaran faɗin kota a kwantirola, kuma ba sa ɗaukar ƙarfe mai tauri a lissafinsu. Amma tunda ka shigo, masu Mach3 su lura: in kuka ga ƙananan lanƙwasa sun zama manyan da'irori a allo, saitin IJ ne a General Config, fos na fitar da na ƙari, Mach3 na jiran na sifili, ko akasin haka. In na ƙari fos ke fitarwa, G91.1 a farkon shiri na warware shi. Masu GRBL kuma ba ta san G81, G83, G41 ko G42 ba, dole a zaɓi fos ɗin da ke warware huda zuwa G00 da G01.

Injiniya_Lawal:
Mu dawo kan gidan boris, don a nan ne zaɓin manhaja ke nuna kansa a kuɗi. Boris 6204 faɗinsa na waje 47mm. Ramin H7 a wannan girman daga 47.000 ne zuwa 47.025. Enmil ɗin da aka rubuta wa 10mm ba lallai ya cika 10 ba, ga lanƙwasawa, ga rawar mariƙin kota. In manhaja ce ta lissafa gefen gaba ɗaya, ka auna ka samu 46.96, sai ka koma kwamfuta ka canza, ka sake fos, ka sake lodi.

Fusion da Mastercam duk suna da zaɓin da suke kira Wear. Manhaja ta lissafa hanyar da faɗin kota, amma ta fitar da G41 da lambar D ta gyaran faɗin kota, kai kuma ka bar D a sifili. Ka auna 46.96, kana son 47.01, bambancin faɗi 0.05, rabinsa 0.025. Ka sa -0.025 a D in injinka na karanta rabin faɗi, ka maimaita gogewar kawai. Minti biyu. Sharaɗi shi ne G41 ya kunnu a kan miƙaƙƙen layi, in ya faɗo a kan G02 ko G03 Fanuc za ta ba ka alam 034. In kuma ka zaɓi kwantirola ta riƙe dukkan rabin faɗin, layin shigar ya fi rabin faɗin kota tsawo, kuma kada a samu kwanar ciki da ta fi kota ƙanƙanta, in ba haka ba alam 041.

Duk da haka, tsohon injin da sukurorinsa suka saki zai bar ɗan tudu a wurare huɗu inda aksis ke juya baya. In ramin ya fito ba zagayayye ba, manhaja ba ta da laifi kuma ba ta da magani. A bar 0.2mm a gama da kan borin, G76 na milin ko G85.

Hamza_Kawo:
Ba wanda ya yi maganar wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar shirin awa uku fa?

Sadiq_DNC:
Tambaya mai kyau, Malam Hamza. A tsara shiri tun daga manhaja da wannan a rai. Kowane aiki ya fara da cikakken layinsa: G17 G21 G40 G49 G80 G90, kiran kota, G54, juyi, G43 da H, ruwa. A fos ɗin Fanuc na Fusion akwai zaɓin sa lambar N a wurin canjin kota kaɗai, sai ka nemo N ɗin ka ci gaba daga nan. Doguwar gogewar mol a raba ta gida uku ko huɗu ta yanki ko ta zurfi, kowanne fayil ɗinsa. Bayan wuta ta dawo a ɗaga Z da hannu tukuna, a mayar da injin gida, a taɓa sifilin aiki da agogon awo a tabbatar bai gusa ba, a duba bakin kota. Kwamfutar da ke ɗigo ta zama laftof mai batir mai rai. Wannan ma wani dalili ne na fifita katin CF.

Garba_Zare:
Wanda ya fi ciwo shi ne wuta ta ɗauke taf na cikin rami. A tsara tafi ya zo lokacin da aka san janareta ke riƙe da injin. Kuma a duba fos na fitar da M29 kafin G84 in injin na da tafi mai kulle. M10 mai tazara 1.5: huda 8.5mm, juyi 300, fid 450. M8 mai 1.25: huda 6.8mm, juyi 400, fid 500. In lambar F ba ta yi daidai da juyi sau tazara ba, taf ya tafi. A rami makaho a ƙara zurfin huda da tazara uku zuwa huɗu fiye da zurfin zare.

Malama_Rabi_CAD:
Na mol ɗin kuma, Malam Nasiru, tazarar layin gogewa ba a zato ake sa ta ba. Tsayin tudun da ke saura tsakanin layi biyu shi ne tazara sau kanta, a raba da 8 sau rabin faɗin kota. Kota mai kan ƙwallo ta 6mm da tazarar 0.5mm na barin 0.01mm. Ka rage zuwa 0.25mm, tudun ya koma kusan 0.003mm, lokaci kuma ya ninka. A bango mai tsayi a yi amfani da salon da ke sauka mataki-mataki a Z, a shimfiɗaɗɗen wuri a yi na layi-layi. Fusion ta biya tana da waɗannan duka, amma wanda ke haɗa su da kansa, Steep and Shallow, yana cikin ƙarin da ake saya daban. A tambayi wannan kafin a biya. In 0i-MC ɗinku na da zaɓin G05.1 Q1 a kunna shi a fos, yana rage cijewar injin a kan ƙananan layuka.

Baba_Fanuc:
Ni har yanzu ina kan bakana a injin juyi. Milin ku sa masa abin da kuka ga dama.

Injiniya_Lawal:
Baba, fuli mai kwarin bel uku da lanƙwasa a baki ma da hannu? Can G71 na tsarin farko ba ya shiga kwari, sai ka raba shi da kanka. Irin wannan CAM ta fi sauri.

Baba_Fanuc:
Kwarin bel da kotar tsaga da G75 ake buɗe shi, a gyara gefen da layi shida. A rubuta sau ɗaya a matsayin ƙaramin shiri, a kira shi da M98 sau uku ana matsar da W.

Nasiru_Kakuri:
Allah ya saka da alheri, na kwashe su duka a takarda. Abin da zan kai wa maigida: a ɗauki gwajin kwana 30 na Fusion, a nemi dillalin Mastercam ya yi mana nuni, a ba kowannensu gidan boris ɗaya da mol ɗaya, a ga wanne shiri ne zai shiga injin ba tare da an taɓa shi da hannu ba. GSK a bar ta da hannu zuwa lokacin da za a gwada fos. Saura abu ɗaya: laftof ɗin shagon RAM ɗinta gigabayit 8 ne, ba ta da katin hoto na daban. Za ta ɗauka?

Usman_FreeCAD:
Faranti da gidan boris za ta ɗauka. Gwajin allo na mol ne zai riƙa jan ƙafa. Ƙara RAM zuwa 16, sa mata SSD in babu, kuma a ajiye ta nesa da ƙurar giranda, iskar fankarta na jan garin ƙarfe zuwa cikin allon wuta.

Sadiq_DNC:
Kuma ka duba ko tana da ramin RS-232, yawancin na yanzu babu. In za ka sayi adaftar USB nemi mai cip ɗin FTDI, masu arha suna yar da haruffa a tsakiyar ɗigo. GSK ɗin ma za ta buƙaci wayar, kuma haɗin fil-fil ɗinta ba lallai ya zo ɗaya da na Fanuc ba, a duba zanen da ke bayan littafinta kafin a yi soda.